Kwatance

La'asar ta yi sakaliya, rana ta sauka daga kan farantin sola,
batir ya rage sanda biyu.
Gobe Gujungu. Gobe masu riɗi za su tsaya a bakin ƙofar nan,
kowa da yawan buhunsa a ka,
ni da aka ba riƙon littafin ƙungiya
ga manhajar lissafi ta ƙi tashi.

Layi guda ta tofa min a baƙin allo:
ba a ga laburaren ba, babu fayil mai wannan suna.
Babu? Ga shi ina kallonsa!
Ni na kwafo shi daga filashin Sagiru,
ni na yi masa folda, na kwantar da shi gefenta,
kusa kamar haƙori da harshe.

Na kira Sagiru a Dutse.
"Yana nan, ita ce ba ta san… ki faɗa mata inda…"
Kati ya ƙare.

Na zauna na yi tagumi.
Ta tsallaken danga sai muryar Goggo Tasalla:
"Mati! Zo ka aro min rariya.
Fara gidan Dije. In babu, leƙa wajen Kande.
In can ma babu, wuce inda aka saba."

Rariya ɗaya ce a unguwarmu, gida bakwai ke tankaɗe da ita.
Ba wanda ya taɓa cewa ta ɓata.
Sai dai a aiki yaro ba kwatance,
ya je gida biyun da ya sani, ya dawo yana rantsuwa.

Na jawo kujera. Na buɗe farar takardar umarni.
Layin fari: ki fara sanin inda kike tsaye.
Na biyu: ga foldata, ɗigo biyu, sannan tsohuwar hanya,
don mai share sabon turba
ba ya toshe wadda ta kai kakansa rijiya.
Na uku: tashi.

Ba ta tashi ba.

Ashe a zuci na yi maganar.
Takarda ta sani, 'yar aike ba ta ji ba.
Kalma ɗaya ta rage a gaba, mai fitar da zance fili
har ɗa ya gada daga uwa, jika ya gada daga ɗa.
Na ƙara ta.

Shaiɗan ya raɗa min: rubuta a babban fayil mana,
kowa ya ji, ki huta.
Na ƙi. Aiken rariya ba a ba sanƙira.
Gobe sai firinta ta tafi gidan Dije neman abin da ba nata ba,
ta ɗauko tsohon mudu mai lotsattsen gindi
ta auna wa mutane haƙƙinsu.
Kwatancen nan na tafiya ɗaya ne,
in an rufe taga ya mutu.

Sanda ɗaya.
Na danna, na ɗauke ido,
ina kallon ƙadangare a jikin kwanon rufi.

Da na waiwayo, sunaye sun jeru:
Ɗan'azumi, buhu huɗu da tiya shida.
Barau Mai Jaki, uku, an cire bashin taki.
Gwauruwar Malam Nadabo, ɗaya da rabi,
wanda ta sheƙe da hannunta.

Aka kira magariba.
Mati ya wuce da gudu, rariya kife a kansa kamar malfa,
a gida na uku ya same ta.

Na leƙa danga na ce, "Goggo, yau ke kika gyara kwamfuta."
Ba ta ɗago daga garin da take tankaɗe ba.
Ta ce, "To a sa ni a lissafin riɗi."